Legas zuwa Accra a mota: ina awannin suke tafiya, kuma ina haɗarin yake?

Duk wanda ya buɗe taswira a wayarsa ya auna Legas zuwa Accra zai ga kilomita wajen 460 ne kacal, wato bai ɗara Kano zuwa Abuja da wani abin a zo a gani ba. Da a ce cikin ƙasa ɗaya ne, direba mai natsuwa in ya tashi bayan asuba ai a Accra zai yi azahar. Amma je ka tambayi ƴan kasuwarmu masu zirga-zirga tsakanin Kwatano da Lome da zangon Nima na Accra, kowa zai ce maka tafiyar yini guda ce cur, wani lokaci ma sai an raba dare kafin a sauka. To ina sauran awannin suke shiga? Mutane da yawa suna ɗauka lalacewar titi ce, kuma eh akwai ramuka, amma ni a ganina ramuka su ne ƙaramar matsalar. Babbar ita ce tsaye-tsaye, boda da shingaye, kuma awannin da aka ƙona a tsaye ba sa tafiya a banza, direba ne yake ramawa da taka mota da tuƙin dare, a nan ne kuma rayuka suke salwanta. Waɗannan abubuwa biyu a ɗaure suke da juna, shi ya sa nake so mu warware su a hankali.

Ga yadda hanyar take. Daga Mile 2 a Legas ka bi ta Agbara da Badagry zuwa bodar Seme, kilomita wajen 80. Ka shiga Jamhuriyar Benin, ɗan tafiya kaɗan kana Kwatano, ka wuce ta kusa da Wida da Grand-Popo har bodar Hillacondji. Ka shiga Togo ta Aneho, ita kuwa Togo a bakin teku ƴar siririya ce, faɗinta bai wuce kilomita hamsin da ƴan kai ba, kuma birnin Lome a manne yake da bodar Ghana, kana fita daga unguwar ƙarshe ta Lome kana Aflao. Daga Aflao sai ka miƙe, ka haye kogin Volta a gadar Sogakope, ka bi ta Tema ka shiga Accra, kilomita kusan 190. Ƙasa huɗu, boda uku, kowace boda kuma fuska biyu ce, a buga maka hatimin fita a nan, a buga na shiga a can. Kuɗi kala uku, naira da sefa da sidi. Harshen hukuma ya juya daga Turanci zuwa Faransanci ya sake dawowa Turanci. Har agogo ma sai ya canja, domin Najeriya da Benin da Nijar lokacinsu ɗaya, amma kana taka Togo sai ka mayar da agogo baya da awa guda, haka Ghana da Burkina Faso. Wannan ƙaramin abu ne amma yana rikita mutane wajen lokacin tashin mota da lokacin sallah.

Abin haushin shi ne ɓangaren da ya fi wahalar da matafiyi yana gida ne, kafin ma a kai ƙasar wajen. Titin Legas zuwa Badagry tun 2009 aka soma aikin faɗaɗa shi, shekara da shekaru ana yi ana tsayawa, ga gosulo ga tireloli, sannan da zarar ka wuce Agbara sai shingaye su fara, wannan na kwastan, wancan na imigireshan, ga ƴan sanda, ga sojoji, ga masu binciken ƙwaya, ga wasu ma da ba ka gane kayan da ke jikinsu ba sai sanda mai ƙusoshi da suka gindaya a titi. Wani shingen kana tsaye a kansa kana hango na gaba. Kowanne minti biyar ne ko goma, ba ya kama da wani abu, amma tara su ka gani. Gwamnati ta sha ba da umarnin a rage su, a rage na ƴan makonni, su dawo.

Ita bodar kanta, a takarda babu wata wahala. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga, ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar yana da damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba ya zauna har kwana 90. Abin da ake nema a wurinka fasfo ne ko takardar tafiya ta ECOWAS, sai katin rigakafin shawara, wanda kowa ke ce wa yalo kat. Shikenan. Buga hatimi kyauta ne a doka. A aikace kuwa kowane tebur yana da farashinsa, kuma wanda fasfonsa sabo ne dal bai taɓa shan hatimi ba ya fi kowa shan tambaya, wanda bai da yalo kat kuwa ya ba da kansa da kansa, domin a nan kam da gaske ya karya doka, ba shi da bakin gardama. Dan Allah duk mai niyyar tafiyar nan ya je ya yi allurar ta gaskiya ya karɓi katin, allura ɗaya ce kuma ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai ka sayi kati a bakin boda ba jikinka babu rigakafi.

A watan Oktoban 2018 Buhari da Patrice Talon suka buɗe sabon ginin boda na haɗin gwiwa a Seme-Krake, wanda Tarayyar Turai ta ba da kuɗin gina shi, da nufin jami'an ƙasashen biyu su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya a sallami matafiyi lokaci guda. Gini ya yi kyau kam. Ko shekara ba a yi ba, a watan Agustan 2019, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, shi ma guda huɗu aka fara buɗewa, Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Ghana kuma ta rufe nata a Maris 2020 saboda korona ba ta buɗe ba sai Maris 2022. Abin da nake so a fahimta a nan shi ne hanyar ƙasar waje ba kwalta kaɗai ba ce, siyasa ma tana kwance a kanta, za a iya wayar gari titi lafiya lau amma babu wucewa.

Yanzu lissafa abin da boda take ci wa babbar bas. Fasinja hamsin, kowa da fasfonsa, wasu babu, wasu da kaya a but da kwastan za su ce a sauke a duba. In mutum ɗaya ya samu matsala mota gaba ɗaya ce take jiransa. Kamfanonin da suka daɗe a layin irin su ABC Transport da Chisco da STC ta Ghana suna da ma'aikaci da yake tattara fasfunan ya shiga da su ofis a jimlace, wannan shi ne ainihin abin da kake biya a tsadar tikitinsu, ba kujera da na'urar sanyaya mota kaɗai ba. Duk da haka awa ɗaya zuwa biyu a kowace boda ba abin mamaki ba ne. Shi ya sa ƴan kasuwa da suka goge suke yin tafiyar guntu-guntu, su hau ƙaramar mota zuwa Seme, su tsallaka da ƙafa, su hau wata zuwa Kwatano, daga nan wata zuwa Lome, haka har Accra. Ya fi sauri sau da yawa kuma ya fi araha, amma sai wanda ba shi da kaya masu nauyi kuma ya san farashi, domin ƴan kamasho da ƴan canji na bakin boda suna gane baƙo tun daga yadda ya riƙe jakarsa.

Mai shiga da motar kansa kuwa shi nasa lissafin daban ne, domin mota ma sai ta yi nata fasfon. Abu na farko shi ne takardar izinin shigar mota na ɗan lokaci, wadda a ƙasashen Faransanci ake ce wa lesefase, ƴan duwan, wato kwastan, ne suke bayarwa. Dalilinta mai sauƙi ne, kowace ƙasa tana tsoron ka shigo da mota ka sayar ba a biya mata haraji ba, don haka sai a rubuta lambar mota da lambar shasi da kwanakin da aka ba ka, in za ka fita ka miƙa takardar a shaida motar ta fita. In kwanakin suka ƙare kana ciki ba ka sabunta ba, tara ce mai zafi, wani lokaci har a tsare motar. Na biyu inshora. Inshorarka ta gida ba ta aiki a wajen ƙasa sai da katin ECOWAS da ake kira Brown Card, wanda aka kafa tun 1982 a wani taro a Kwatano, aikinsa shi ne in ka buge wani ko ka lalata dukiyar wani a wata ƙasa ta ƙungiyar, akwai ofishin da zai tsaya a biya diyya. Lura fa, wanda ka buge yake karewa, ba motarka ba. Kuma matsalar da yawancinmu muke da ita ita ce inshorar da aka haɗo mana da takardun mota a bakin ofishin lasin sau da yawa ta bogi ce, a gida tana wuce shinge, amma ranar da aka yi hatsari a Atakpame ta Togo sai a nemi kamfanin a rasa.

Sai lasin tuƙi, wanda ya fi kwanciyar hankali ka haɗa da na ƙasa da ƙasa saboda jandarman da ba ya karanta Turanci. In motar ba sunanka ne a takardunta ba, ka riƙe wasiƙar izini daga mai ita da hatimin hukuma, in ba haka ba zargin sata ne kai tsaye. Ga wani abu kuma da mutane ke mantawa, wato dawowa. A ranar 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda motocin Kwatano da ake satar hanya da su, to kai da ka fita da motarka ta gida in za ka dawo dole ka iya nuna takardar kwastan cewa an biya mata haraji tun asali, in babu, motar da ka shekara biyar kana hawa a Kaduna za ta zama abin tuhuma a shingen Gbaji kusa da Badagry. Sauran tarkacen kuwa, alamar kusurwa uku mai ƙyalli, abin kashe gobara da bai ƙare aiki ba, akwatin magani, safaya mai iska, duk abubuwa ne da jami'in da ya rasa laifin da zai kama ka da shi zai tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Wajen hannun tuƙi mun yi sa'a. A da can Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya hannun hagu suke bi irin na Ingila, maƙwabtansu na Faransa kuma suna bin dama, kowace boda sai direba ya canja hannu. Najeriya ta koma dama ranar 2 ga Afrilun 1972, Ghana ta biyo baya ranar 4 ga Agustan 1974, don haka yau Afirka ta Yamma gaba ɗaya hannu ɗaya ake bi. Amma kar wannan ya ruɗe ka ka ɗauka tuƙin ɗaya ne.

Babban abin da ke kayar da direban Najeriya a ƙasashen Faransanci shi ne dokar fifikon dama. A mahaɗar da babu danja kuma babu allon da ya ce wane ne zai tsaya, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da kai kana ganin titinka ne babba. A wasu tsofaffin shataletale ma haka abin yake, mai shigowa ne ke da hanya, na ciki ya jira, akasin abin da muka saba. Mu kuma a gida dokar da ke aiki ita ce wanda ya riga ya cusa hancin motarsa, da hon da fitila da zare ido. Ka kai wannan halin Lome ko Yamai sai ka ga mai babur ya shigo maka daga dama ko waiwaye bai yi ba, domin shi a saninsa kai ne za ka taka birki. In kuma aka yi karo, kar ka ce za ka matsar da mota gefe a sasanta kamar yadda ake yi a Kano. A can ana barin motoci a inda suka tsaya ne har ƴan sanda su zo su auna su rubuta rahoto, da wannan rahoton inshora take aiki, wanda ya motsa motarsa kafin su zo kusan ya ɗora wa kansa laifin kenan.

Sai babura. Kwatano gari ne na ƴan acaɓa, zemijan suke ce musu, masu rigar ɗorawa, dubbai ne, suna tafiya kamar ruwa, a wasu manyan tituna an ware musu layinsu a gefen dama. Wannan layin shi ne tarkon baƙo, domin in za ka karya kwana dama sai ka ratsa ta cikinsu, kuma ba sa tsayawa. Wagadugu ma haka take, ko ma ta fi. Dabara ita ce ka sa sigina tun da wuri ka dinga shiga a hankali a hankali ba tare da birkin bazata ba, su da kansu za su kewaye ka. A ƙauyukan Benin da Togo kuma abin tsoro shi ne tudun rage gudu, wasu ba fenti ba allo, wasu mutanen gari ne suka gina da kansu bayan mota ta kashe musu yaro, tsayinsu kuwa sai ya daki cikin ƙaramar mota. Ka ga kasuwa ko makaranta ko rumfunan masu sayar da fetur a kwalba, to ka sauke ƙafa tun kafin ka ga tudun. Shi wannan fetur ɗin kwalba, kpayo, daga Najeriya ake fasa-ƙwaurinsa, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 arahar tasa ta ragu sosai, in kana da hali ka sha a gidan mai kawai ka huta da algus.

Ghana kuma nata salon daban. Harshe ba matsala, amma doka a rubuce take kuma ana bin ta da na'urar auna gudu, kilomita 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a kan titin Tema zuwa Accra, wanda aka buɗe tun 1965 zamanin Nkrumah. Inda ake kama baƙi shi ne ƙauyukan kan hanya, gida biyar da coci ɗaya amma a doka gari ne, 50 ce iyaka, ɗan sanda yana laɓe a ƙarƙashin bishiya bayan allon. Lambar motar Najeriya kuwa tun daga nesa ake hango ta. Ɗan sandan Ghana ba ya son hayaniya, in ka ɗaga murya ko ka nuna kai wani ne, maganar da za ta ƙare a minti biyu sai ta koma kotu gobe da safe. Haka jandarma a ɓangaren Faransanci, gaisuwa tukunna, ka kashe mota, ka cire baƙin gilashi, ka miƙa takarda. Kar ka ɗauki hoto a boda ko gada ko kusa da bariki, in kuma ka ga ana ɗaga tuta ko sauke ta kowa ya ƙame, kai ma ka ƙame.

To me ya sa titunan suke lalacewa da wuri, har wanda aka buɗe bara ka ga ya yi kwari biyu kamar an ja garma? Amsar tana ƙarƙashin tirela. Nijar da Burkina Faso da Mali ba su da teku, yawancin shinkafa da siminti da ƙarfe da man da suke shigowa da su daga tashoshin Kwatano da Lome da Tema da Abidjan da Dakar ake ɗaukowa, kuma kusan duk a mota, domin jirgin ƙasan Benin a Parakou ya tsaya bai taɓa kaiwa Nijar ba. Wani gwaji da injiniyoyi suka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa titi ba daidai take tafiya da nauyi ba, in ka ninka nauyin da ke kan aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayar dama da ta hagu, sau biyu, ɓarnar tana ninkuwa wajen sau 16. Wato tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙima ta fi dubban ƙananan motoci cin kwalta. Ƙasashen sefa sun san da haka, tun 2005 suka yi doka ta kayyade tan 11.5 a aksil guda, aka kafa ma'aunai a hanya. Amma mai tirela yana lissafin kuɗin da zai zubar a shingaye daga Lome zuwa Wagadugu, sai ya ga in bai ƙara lodi ba ba zai fita ba, sai ya ƙara, ya biya na goro a ma'auni ya wuce. Ka ga shingen ma yana da hannu a ramin. Kuma irin waɗannan motocin ne suke mutuwa a hawa, kamar a duwatsun Aledjo da ke tsakanin Sokode da Kara a Togo, inda tsohon titin ya ratsa ta tsakiyar dutse, sai da aka yi wa manyan motoci hanyar kewaye saboda yawan faɗuwa.

Mu mutanen Arewa a da ba sai mun gangara Legas ba. Hanyar kakanninmu fataken goro zuwa Gwanja da Salaga ta sama take bi, kuma har kwanan nan motoci ma haka suke yi. Daga Kano ka bi Katsina da Jibiya ka shiga Maraɗi, ko daga Sakkwato ka bi Illela ka shiga Ƙonni, ka hau babban titin Nijar da ya taso tun daga Diffa da Damagaram, ka bi Dogon Dutsi da Doso zuwa Yamai. Daga nan ka bi Torodi da Makalondi ka shiga Burkina ta Kantchari da Fada N'Gourma zuwa Wagadugu, ka gangara Po, ka shiga Ghana ta Paga da Bolgatanga da Tamale da Kintampo da Techiman har Kumasi. Doguwa ce amma Hausa tana kai ka kusan ko'ina, kuma bas-bas ɗin Nijar irin su Rimbo suna da tsari, da asuba suke tashi a kan lokaci, ana tsayawa sallah. Tsarin shinge a can shi ne a ƙofar gari jami'i ya shigo ya karɓe katin shaidar kowa, a sauka, a dinga kiran suna ɗaya-ɗaya, baƙi su ne na ƙarshe. Ɗan Najeriya kuma ya kula da lissafin kuɗi, a kasuwar Nijar da dala ake ƙirge, dala ɗaya sefa biyar ce, in aka ce maka dala ɗari to 500 ake nufi, jaka kuma 1,000.

Yau wannan hanyar ta sama ba ta shawartuwa ga mai tafiyar ganin dama. Yankin Torodi da gabashin Burkina suna fama da masu ɗauke da makamai da nakiyoyin da ake binnewa a titi, ɓangaren Jibiya ma ga ƴan bindiga. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyakoki, Najeriya ta buɗe nata a Maris 2024, amma gadar Gaya da Malanville ta daɗe a toshe daga ɓangaren Nijar, fasinjojin Kwatano sai bas ta sauke su su haye kogin Kwara a kwalekwale su hau wata a tsallake, manyan motocin kaya kuma suka koma zagayawa ta Togo da Burkina cikin ayari da rakiyar sojoji. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina suka fice daga ECOWAS a hukumance, duk da ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu ana barin zirga-zirga. Sakamakon shi ne mutumin Kano da zai je Kumasi yanzu sau da yawa sai ya fara cin kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, ya iso a gajiye, sannan ya fara lissafin boda uku.

Mu dawo kan dare. Bas ta tashi ƙarfe bakwai na safe, shingayen Badagry sun ci awa biyu, boda uku sun ci awa huɗu ko biyar, to ɓangaren ƙarshe kuma mafi tsawo, Aflao zuwa Accra, a duhu za a yi shi, da direban da tun asuba yake kan sitiyari kuma an ce masa gobe da safe zai juyo da wasu fasinjojin. Titin kuma mafi yawansa falle ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa ba abin da ya raba su sai farin layi in ma akwai shi. A irin wannan titin da dare abubuwan kisa sanannu ne, tirelar da ta mutu a tsakiyar hanya ba fitila sai ganyen da yaron mota ya jera a kwalta, mai zuwa da ya ƙi sauke fitila ya kashe maka ido, babur ba wutar baya, da obatekin a kwana don a rama lokaci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin mota duk shekara, kuma Afirka da take da kashi 3 cikin ɗari na motocin duniya ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan. A Ghana, a kusa da Kintampo, bas ta yi karo da motar kaya a Fabrairun 2016 mutum sama da 50 suka rasu, a Maris 2019 kuma bas biyu suka yi taho-mu-gama da tsakar dare a wannan yankin, ɗaya ta kama wuta, aka sake rasa sama da 50. A Senegal, Janairun 2023, taya ta fashe wa wata bas a kusa da Kaffrine cikin dare ta afka wa wata, mutum 40 suka tafi, abin da gwamnati ta fara sanarwa kuwa shi ne hana motocin fasinja tafiya daga 11 na dare zuwa 5 na asuba da hana shigo da tsofaffin tayoyi. Su ma sun san inda gizo yake saƙar.

Ana ta maganar sabon babban titin Abidjan zuwa Legas, kilomita 1,028, layi shida, shugabannin ƙasashe biyar sun sa hannu tun 2014, Bankin Raya Afirka ya ɗauki nauyin nazarin, kuɗin aikin ya haura dala biliyan 15. In an yi shi zai rage taho-mu-gama sosai tunda za a raba hannu biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni dai ban ga yadda layi shida zai rage awa biyar ɗin da ake yi a tsaye ba matuƙar teburan suna nan, sai dai a isa shinge da wuri.

Kafin nan, mai motar kansa ya raba tafiyar biyu, ya tsallake Seme da sassafe ya kwana a Lome, ga Zongo ga masallaci ga abinci, washegari ya shiga Aflao da hantsi ya isa Accra rana tsaka, kuɗin ɗakin kwana ɗaya ne kawai ya ƙaru. Mai hawa bas kuma kafin ya yanki tikiti ya tambayi ƙarfe nawa ake tashi da gaske, ba wanda aka rubuta a allo ba, kuma direba nawa ne a motar. In aka ce ɗaya ne kuma sai mota ta cika za a tashi, ya zagaya ya duba tayoyin gaba da idonsa, in sun sha ƙasa ya nemi wata motar ko ya bari sai ta gobe da asuba.